Daga Kano Zuwa Yankari da Abokai: Yadda Ake Shirya Tafiyar Ganin Ƙasa a Mota

Bahaushe ba baƙon hanya ba ne. Kakanninmu sun kai Gwanja da jakai saboda goro, sun bi ta Chadi da Sudan a ƙafa har Makka, kuma har gobe tashoshin mota ba sa rabo da 'yan ci-rani. Sai dai kusan kowace tafiya tamu tana da dalilin da ya fitar da mu daga gida, ko fatauci, ko ɗaurin aure, ko ta'aziyya, ko neman karatu. Mutum zai bi hanya ɗaya sau ashirin yana gyangyaɗi a kujerar baya, bai san sunan dutsen da yake wucewa ba. Shi ya sa ran da na gaya wa mahaifiyata cewa ni da abokaina uku za mu ƙasar Bauchi mu kwana uku, abin da ta fara tambaya shi ne, "Lafiya dai? Wa aka rasa?" Na ce, "Lafiya lau, Hajiya, ƙasa kawai za mu gani." Ta yi jim, sannan ta ce Allah ya tsare, amma kada mu kuskura mu yi tafiyar dare.

Tun daga wannan karon na sake bin hanyar fiye da sau ɗaya, kuma abin da na fahimta shi ne, a irin wannan tafiya wuraren tsayawa ake tsarawa. Gyaran mota, haɗa kuɗi, sammako, duk ana yin su ne don ku sami sararin da za ku faka a gindin kuka ba mai duba agogo. Zan ɗauki hanyar da na sani, wato Kano zuwa Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, har gandun dajin Yankari, amma dabarun za su yi wa wanda zai tashi daga Zariya ko Gombe ko Damagaram aiki.

Abokan tafiya da lokacinta

Mutum huɗu a mota mai kujera biyar, shi ne daidai. Na biyar yana mayar da kujerar baya wurin takura, kuma nauyinsa da na jakarsa a kan tayoyi suke sauka. A cikin huɗun nan lallai biyu su iya tuƙi, kowanne da lasin da bai ƙare ba. Ku duba hali kafin ku duba kusanci. Akwai aminin da kuke shan hira da shi kullum a majalisa, amma ba ya iya tashi da asuba, ko ba ya jure yunwar awa guda ba tare da ya ɓata rai ba. Irin wannan a faɗa masa tsarin tun a gida, in ya ji zai iya, bismilla. Addini ma ya koyar da cewa idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗaya ya shugabance su, kuma na ga amfanin wannan da idona. Idan ana gardamar a tsaya ko a wuce, dole a sami wanda in ya yanke, magana ta ƙare.

Game da lokaci, kowane yanayi da abin da yake nunawa. Da damina ƙasa tana yin kore shar, duwatsun Ningi kamar an wanke su, amma ciyawa tana rufe namun daji, kuma hanyoyin cikin kurmi suna caɓewa. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, karkara ta fi daɗin kallo: dammunan gero da dawa a jingine, sababbin rumbuna, gyaɗa da rake da dankali a bakin titi da araha. Da hunturu iska da sanyi suna sa tuƙi daɗi, sai dai hazo kan rufe nesa, wani lokacin dutsen da ke gabanka ma ba ka ganinsa sai ka zo dab. In dabbobi ne babban burinku, to daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwan daji ya ƙafe suka taru a bakin kogin Gaji da ke cikin Yankari, amma ku shirya wa zafin bazara. Ni dai kaka na fi so, domin hanya nake zuwa kallo kafin daji. Ku guji makon Sallah da na Kirsimeti in ba ku kama ɗaki tun da wuri ba, saboda masaukin Yankari yana cika.

Maganar tsaro ba a yi mata kwana-kwana. Akwai hanyoyin da a yau ba mai hankalin da zai bi su don nishaɗi, kuma ita kanta ƙaramar hukumar Alkaleri, inda Yankari take, wasu ƙauyukanta na gefen daji sun ga harin 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Kwana ɗaya kafin ku tashi, ɗayanku ya je tashar da ake lodin Bauchi ya tambayi direbobin da suka iso ran nan. Su ne suka san inda titi ya fashe, inda ake aikin gada, da inda bai kamata la'asar ta same ku ba. Sannan a kira masaukin Yankari a ji ta bakinsu. Idan labarin bai kwanta muku ba, ɗaga tafiya ba abin kunya ba ne. A gida kuma a bar wa mutum ɗaya tsarin tafiyar a rubuce, da lambar motar, a riƙa sanar da shi duk garin da aka isa.

Motar

A kai mota wajen makanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba. Dalili shi ne, gyara yakan haifi gyara, kuma kana so ka yi kwana uku kana yawo da ita a cikin gari ka ji ko wani abu ya saki. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fanbel, batir, fitilu da abin share gilashi. Amma taya ita ce maganar da zan daɗe a kanta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye mai tsawo. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, ko da zanenta bai cinye ba, kuma kwaltar bazara da rana tsaka ba ta raga wa tsohuwar roba. Tayar gwanjo tana iya kai ka kasuwa ta dawo da kai, amma kilomita ɗari uku a jere da mutum huɗu da kaya wani abu ne daban.

Sai safaya. Ka fito da ita daga but, ka sa a gwada iskarta a gabanka. A tafiyarmu ta farko ba mu yi haka ba. Mun wuce Birnin Kudu, mun kama hanyar Ningi, tayar baya ta yi faci, muka ɗaga mota da jak cikin natsuwa, muka ɗauko safaya, ashe lakwas take, ba iska ko kaɗan. Sai da ɗayanmu ya hau acaɓa rungume da taya ya nemo mai faci a gari na gaba. Awa uku muka rasa, muka shiga Bauchi bayan isha'i, abin da aka gargaɗe mu a kai tun a gida. Saboda haka ban da safaya mai iska, a tabbatar da jak da wilsifana sun dace da motar, a ɗauki famfon iska, wayar jona batir, igiyar ja, galan ɗin ruwa na lagireto, tocila, abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan motar da ta lalace. Takardun mota da inshora su zama a wuri ɗaya da hannu zai kai nan take. A haddace lamba 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta neman agajin gaggawa.

Kuɗi

Abin da ya fi ɓata tafiyar abokai ba lalacewar mota ba ce, kuɗi ne, musamman irin na "bari na biya, ma yi lissafi daga baya". Ku yi karo-karo tun a gida, a damƙa wa mutum ɗaya ya zama ma'aji, shi ke biyan mai, abinci, masauki da kuɗin shiga, yana rubutawa. Lissafin mai ba wuya. Kano zuwa Bauchi kimanin kilomita 300 ne, Bauchi zuwa sansanin Wikki, masaukin Yankari, sama da 100 kaɗan. Zuwa da dawowa da 'yan ratse-ratse, ku ƙaddara kilomita 1,000. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 100. Ku ninka da farashin ranar, ku ɗora kashi ɗaya bisa biyar a kai saboda abin da ba a zata ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai shi ne kaso mafi girma a kasafin, don haka kada a yi masa ƙiyasin baki. Mai motar kuma a rage masa kasonsa, domin tayoyinsa da injinsa ne ke cin wuya, kuma a amince tun farko cewa duk gyaran da ya taso a hanya na kowa ne.

A riƙe tsabar kuɗi, musamman ƙananan takardu. Mai nono a bakin hanya ba ta da canjin dubu, kuma turawa ta waya tana bukatar sabis, wanda yakan ɗauke a tsakanin garuruwa. A sha mai a manyan garuruwa duk lokacin da tanki ya sauka rabi. Man 'yan bumburutu a galan sai dole ta kama.

Rana ta farko

Ku yi sallar asuba, ku karya da abu mara nauyi, ƙarfe shida da rabi ta same ku kun bar Kano ta hanyar Wudil. Da sanyin safiya ake kama fara. Idan ranar Juma'a ce, ku sani kasuwar Wudil ke ci, kuma kararta tana cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa. Ko dai ku ba ta awa biyu ku shiga ku ga yadda dillalai ke ciniki, ko ku zaɓi wata rana, domin cunkoson tirelolin dabbobi zai cinye muku safiya. A kan gadar Wudil ku rage gudu ku dubi kogin, masunta da kwale-kwalensu da masu ɗiban yashi.

Doka ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Mai kallon ƙasa bai ma bukatar kaiwa nan. A karkara titi na kowa ne: akuya, yaro a kan keke, amalanken shanu, barkono ko masara da aka shanya a gefen kwalta, da tudun rage gudu da mutanen gari suka yi da kansu ba alama. Idan garke yana tsallakawa, ku tsaya cak, kada ku danna ham. A sauya direba duk bayan awa biyu, kuma wanda ke kujerar gaba ba ya barci, shi ne idon direba na biyu. A shingen jami'an tsaro a rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, a kashe kiɗa, a yi gaisuwa, a amsa abin da aka tambaya. Ba a ɗaga waya a ɗauki hoto a nan, haka ma kusa da bariki.

Daga Kwanar Huguma ƙasa take fara sauya fuska, duwatsu suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya har ku shiga Birnin Kudu. Mutane da yawa sun san garin da kwalejin gwamnatin da Aliko Dangote ya yi karatu a cikinta, amma abin da zai tsayar da ku ya girmi kwalejin nesa ba kusa ba. A ƙarƙashin wasu duwatsu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin dutse, wuraren kuma suna hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Ku nemi ma'aikacin da ke kula da su ya kai ku. Ku tsaya ku ƙura wa shanun ido, za ku lura da abu guda: ba su da tozo. Bunaji da rahajin da kuka wuce a hanya duk masu tozo ne, waɗannan kuwa wani iri ne da aka yi kiwo a nan kafin su. A nan ne kuma Bernard Fagg, Baturen da ya yi aikin kayan tarihin Nok, ya yi rubutu a tsakiyar shekarun 1950 kan duwatsun kiɗa. Ka ɗauki ɗan dutse ka buga wani gefe na falalen, sai ka ji ya yi ƙara kamar ƙarfe, ka matsa kaɗan ka buga, sautin ya sauya. Gurabun da ake bugawa sun lotsa sun yi santsi saboda yawan hannun da ya taɓa su. Kada a taɓa zanen, kada a zuba masa ruwa don ya fito a hoto, kada kuma wani ya rubuta sunansa a jikin dutsen. Ku ba wurin nan awa biyu cur.

Azahar za ta same ku wajen Ningi. Tafiyar ta wuce nisan da malamai suka yarje a yi ƙasaru, don haka ku daidaita tun a gida yadda za ku yi, kada a tsaya jayayya a bakin masallaci. Ningi gari ne da tarihinsa yake manne da duwatsunsa. A tsakiyar ƙarni na 19 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka baro ƙasar Kano kan rikicin haraji, suka fake a cikin waɗannan tsaunuka, suka haɗa kai da mutanen wurin, suka yi shekaru suna gagarar Kano da Bauchi. In ka ɗaga kai ka dubi yadda duwatsun suka kewaye ƙasar, za ka gane dalilin da ya sa doki bai yi musu komai ba.

Kafin Bauchi da kimanin kilomita 45 akwai Kafin Madaki. A nan Gidan Madaki yake, ginin ƙasa na wajajen 1860, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya yi masallacin Juma'a na Zariya. Ku nemi izini a ƙofar gida, ku shiga soro ku ɗaga kai ku ga bakan gizon da ya ɗauke rufin, ƙasa da azara kawai, ba siminti ba rodi. Sanyin da za ku ji a ciki da la'asar ya isa ya sa ku sake tunani kan kwanon da muke rufa gidajenmu da shi. Ƙarfe biyar ta yi muku a hanya, magariba a Bauchi.

In za a ratse ƙauye

Wannan ne ɓangaren da ba a rubuta shi a taswira, kuma shi ne ya fi bukatar ladabi. Ranar da tayarmu ta yi faci, wani dattijo ya taso daga gonarsa da fartanya a kafaɗa. Muka yi masa sallama, muka ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yauwa samari, ku taso daga rana." Ya kai mu inuwar wata tsamiya, ya aika jikansa ya kawo ruwa a ƙwarya da ɗanyar gyaɗa da aka tuge a lokacin, ƙasa na jikinta. A zaman nan ya nuna mana wani gawo a tsakiyar gonar, ya ce ba ya sare shi ko da zai rasa itacen girki, domin da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da abinci, kuma dawar da ke gindinsa ta fi ta ko'ina. Da za mu tafi muka miƙa masa kuɗi, ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ruwa ba a sayar da shi." Goro da dabinon da muke da su ya karɓa da murna.

Daga nan na koyi ɗaukar goro, dabino, sukari ko sabulu a mota. Ku faka a gefen gari, kada ku kutsa da mota har tsakar gidaje, kada ku taka shuka. Ku gai da dattawan da kuka tarar a zaune, ku faɗi ko ku su waye da abin da ya kawo ku, domin a wannan zamani baƙuwar mota da maza huɗu tana tayar da hankali, kuma suna da hujja. In wani dutse ko tafki kuke son gani, a kai ku wajen mai unguwa ko dagaci, a ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun zo ganin wuri." Kusan kullum zai haɗa ku da yaro ya raka ku, shi kuma yaron a sallame shi da abin kirki. Hoto sai da izini, na mata kuwa a bar shi sam sai in su suka nema. A ruga a tsaya daga nesa a yi sallama, a jira a fito. In za ku sayi fura da nono ko ƙwan zabi, ku yi ciniki na mutunci, ba wai ku matse wadda ta ɗauko ƙwarya a ka tun daga daji a kan naira hamsin ba. Ledar ruwa da robar lemo kuma su koma cikin mota, akuya tana cin leda ta mutu.

Bauchi da Yankari

Da safe ku nemi masa. Masar Bauchi ta yi suna ba a banza ba, da miya ko da ƙuli, tana fitowa daga tanda da zafinta. Daga nan ku je kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ana bi ta wani lungu mai duhu da ke hawa sannu a hankali, haske yana ƙaruwa, har ka fito fili inda kabarin yake, ba rufi a samansa. Akwai ɗakin da aka ajiye wasu kayansa. A yi masa addu'a, a fito. Kafin ku bar gari ku cika tanki fal, ku sayi ruwan sha mai yawa, aƙalla lita uku ga kowane mutum a rana in da zafi, da burodi da 'ya'yan itace, da maganin sauro, maganin ciwon kai da gishirin nan na gudawa.

Za ku kama hanyar Gombe zuwa Dindima, inda ake tsallake kogin Gongola, sannan ku karya dama zuwa ƙofar Mainamaji. A nan ake biyan kuɗin shiga. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji, kuma a nan kallon ya fara, don haka a tafi a hankali. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006.

Masu fara tarbarku a sansani gwaggon biri ne da gadu. Kada ku raina gwaggon biri. A gabana ɗaya ya fizge ledar burodi daga hannun abokina yana tsaka da buɗe but, ya haye rufin ɗaki ya zauna yana ci. Sun iya murɗa hannun ƙofa. A kulle ɗaki da mota ko da minti ɗaya za a yi, kada a riƙe abinci a fili, kada a ba su komai da hannu.

Ba a shiga daji sai da ɗan rakiya na gandun, ko a motarsu ko a taku in tana da tsayi. Fita biyu ake yi, da sassafe da kuma la'asar, ta safe ta fi. Ku sa kaya masu launin ƙasa da dogon hannu, domin ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi, kuma cizonsa da zafi. A yi shiru a mota, ba a sauka sai ɗan rakiya ya ce. Gwambaza, mazo, gwanki, kanki da ɓauna ana yawan ganinsu, haka kada da dorina a wajen ruwa, da tsuntsaye iri-iri. Giwa kuwa rabo ce. Garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, amma daji ne mai faɗi, wata rana sai dai ku ga sawunta da kashinta da rassan da ta karya. Kada ku matsa wa ɗan rakiya a kan haka. Ku roƙe shi ya kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da wuraren da aka narka tama, duk shaidar cewa dajin nan ya taɓa zama gari.

Sai Wikki. Ana sauka ta matakala, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, shi ya sa da asubar hunturu za ka ga tururi yana tashi a kansa. Kusa da bakin dutsen yana da zurfin da zai shanye mutum, wanda bai iya iyo ba ya tsaya can ƙasa inda bai wuce ƙugu ba, kuma kada kowa ya shiga shi kaɗai. A bar mutum ɗaya a bakin ruwa yana gadin kaya saboda birai. Ba a shiga da sabulu. Ku kwana biyu a nan. Kwana ɗaya gajiya kawai za ku kwasa.

Dawowa

Ranar komawa ita ce ranar da aka fi yin ganganci, kowa ya ƙosa ya ga gida, direba ya gaji, ƙafa tana nauyi a kan totur. Ku bar Wikki ƙarfe bakwai, ku sake gwada iskar tayoyi a Bauchi, ku sha mai, ku ci abinci mara nauyi. Duk wurin da kuka tsallake da zuwa, yanzu ne lokacinsa. Mu a dawowa muka ga Gidan Madaki, tun da faci ya hana mu da farko. Tsaraba a saye ta a bakin hanya inda ake nomanta, zuma, gyaɗa, rake, kankana, gwargwadon abin da kaka ko rani ya kawo, amma a tuna da nauyin mota. La'asar ta same ku kun wuce Birnin Kudu.

Kafin a sauke mutum na farko a ƙofar gidansa, ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa, a raba abin da ya rage ko a cike abin da ya gaza a take. A cire kuɗin wankin mota da na juyen baƙin mai a miƙa wa mai motar. Hotuna kuma a tura su wuri ɗaya a daren nan, kowanne da sunan garin da aka ɗauke shi, domin bayan wata guda ba wanda zai iya bambance dutsen Ningi da na Birnin Kudu a cikin waya.